Ni dai a cikin keke nake jin labarin 'ya'yana

A ofis ɗinmu ranar Litinin kafin a taɓa fayil ko ɗaya sai waya ta gama zagaya tebura tukunna. Wannan ta kai yara Wildlife Park na nan Jos, waccan sun je Rayfield sun shiga kwale-kwale, Oga kuma nasa suna Abuja hutu ga su nan a bakin tafkin Jabi kowa da askirim a hannu. Ana miƙo min ina masha Allah, kuma har zuciya nake faɗa, amma in aka ce toh Maman Ummi ina naki, sai dai in yi dariya, don mu abin da muka yi ran Asabar shi ne wanki da cefane da kitso. Ba wai ba ma fita ba ne fa, muna fita da Sallah ko in an ba da hutun ƙarshen zango. Kawai dai na daɗe da lura cewa yarana ba a wurin yawo suke ba ni labari ba. A can ihu ne da guje-guje da "Mama ki saya min wancan". Maganar da ke cikinsu ta gaske a keke napep take fitowa, ko a gaban kwandon dankali, lokacin da hannuna ke kan wani aiki ban ma ɗago na kalle su ba.

Uku Allah ya ba ni. Ummi ce babba, sunan Hajiya mahaifiyar maigida ta ci shi ya sa babu mai iya kiran sunanta na yanka a gidan nan, sai Abba mai sunan mahaifina, sai ƙaramin da muke ce wa Auta duk da Hajiya ta hana, wai mu daina yi wa Allah shisshigi, wa ya gaya mana shi ne na ƙarshe.

Wanda bai taɓa tashin yaro da asuba a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ba, ba zai gane abin da nake nufi ba in na ce safiya ita ce rabin aikin yini. Garin nan a kan tudu yake, sama da mita 1,200, in hunturu ya kankama ruwan da ya kwana a bokiti ko yatsa ba ka son sawa ciki. 'Yan uwana na Kano in sun zo biki har dariya suke ba ni, mutum ya zo da shaddarsa mai sitati yana taƙama, kafin isha'i ya fara tambaya ko akwai bargon aro. Toh a cikin wannan sanyin ne zan fito da mutum uku daga bargo, in yi musu wanka, in shafe su da man kaɗanya har sai sun yi ƙyalli don in ba haka ba kafin azahar ƙafa ta yi fari fat leɓe ya tsage, a sa singileti, a sa yunifom, a ɗora suwaita, safa biyu, hular sanyi. Abba kullum sai mun yi shari'a a kan wanka. Hujjarsa ɗaya ce ba ta canzawa, wai ai jiya da yamma ya yi kuma bai yi datti a cikin barci ba.

Ruwan zafi kuwa tun da gas ya yi tsada na daina wasa da shi. Da daddare nake ɗora babbar tukunya a kan gawayi bayan an sauke tuwo, in cika filas biyu in juye sauran a kula in rufe, da asuba sirkawa kawai za a yi. Guga ba nawa ba ne, na babansu ne, kuma in ya ga na rubuta wannan sai mun yi rigima don ba ya so abokansa na kasuwa su sani. Ko ƙarfe biyun dare aka kawo wuta zan ji ya zare jiki a hankali ya fita falo, da safe in tarar da yunifom uku da hijabina a rataye a bayan kujera. In kuma ba a kawo ba dutsen guga na gawayi yana nan, shi ya iya shi ma fiye da ni, bai taɓa ƙona ko kwala ba.

Amma kafin duk wannan hayaniyar akwai ɗan lokacin da yake nawa ni kaɗai. Bayan na idar da sallar asuba, maigida bai dawo daga masallaci ba, yara ba su motsa ba, sai in haɗa shayi mai citta da kanumfari in zauna a kan kujera 'yar tsugunno a kicin in riƙe kofin da hannu biyu. Ba na duba waya, ba na lissafin komai. Wallahi akwai ranar da tunanin wannan shayin ne kawai yake fito da ni daga bargo.

Tun da aka hana acaɓa a cikin gari zamanin Gwamna Jonah Jang, keke ya zama ƙafar kowa. Muna da mai keken da muke biya duk wata, dattijo ne ɗan unguwarmu, yara suna ce masa Baba, shi yake kai su shi yake ɗauko su. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000, sai da muka zauna da shi a ƙofar gida aka sake lissafi, shi yana jin nauyin faɗin sabon kuɗi mu muna jin nauyin tayawa. A nan ne ya kawo shawara, tunda hanyata ce, me zai hana in riƙa bin su da safe, in ya sauke su ya wuce da ni Terminus in hau motar Bukuru. Don tsimin kuɗin mota na yarda. Ban san wannan 'yar tafiyar ce za ta zama wurin da na fi jin cikin yarana ba.

Ga yadda zaman yake. Ni a tsakiya da Auta a cinya, Ummi a dama ta rungume jakarta, Abba a hagu ya cusa hannunsa cikin hijabina don ɗumi. Baba ya sauke labulen leda na gefe saboda iska, ciki ya ɗan yi duhu, kowa gaba yake kallo. Ina ga sirrin ke nan, ba a kallon juna. In na zaunar da Ummi a ɗaki na ce gaya min me ke damunki, amsar "babu komai Mama" zan samu ko da kuwa idonta ya yi ja. Amma a keke, muna cikin layin motoci a Bauchi Road ana ta hon, sai kawai na ji ta ce, "Mama, in ƙawarki ta daina zama kusa da ke ba ki mata komai ba, ke za ki fara mata magana?"

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce tun ranar da aka raba takardun gwaji.

Na ce, "Wa ya fi cin maki?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni."

Baba da ke gaba bai juyo ba ya ce, "Ummi, ki sayi alawa biyu yau ki ba ta ɗaya, kar ki ce komai." Ni da na fara shirya doguwar nasiha a raina sai na haɗiye abata. Da yamma na tambaya, aka ce min ai sun shirya tun lokacin tara, kamar ma ni ce na cika son tone-tone.

Abba shi nasa tambayoyi ne marasa kai da gindi. Me ya sa duwatsun Jos suke hawa kan juna ba sa faɗowa, wa ya ɗora su. In mutum ya yi atishawa a cikin sallah zai ce alhamdu lillahi ko zai bari sai ya sallame. Ko Ahmed Musa yana wanka da safe lokacin da yake yaro a garin nan. Wannan ta ƙarshen na san inda ta dosa, na ce masa da ruwan sanyi ma yake yi, Allah ya yafe min don ban san komai a kai ba. Tunda babansa ya nuna masa ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018 a waya, shikenan ba mu huta ba, duk takalmin makarantar da aka saya bakinsa ne yake fara buɗewa.

Ofis kuma ofis ne, ba abin da zan ce a kai mai daɗin ji, lissafi ne da takardu da jiran sa hannu. Abu ɗaya da nake so a hanyar shi ne in mun kusa Old Airport Junction wani lokacin iska takan kwaso ƙamshin biskit daga kamfanin NASCO, wanda yake garin nan tun 1963, mu ma da shi muka tashi. Duk gajiyar da ke fuskokin mutanen cikin mota sai ka ga an ɗan saki rai.

Ƙarfe biyu in ta wuce ina kiran Hajiya, don wurinta Baba yake sauke su, su ci abinci su huta, la'asar su wuce Islamiyya. Kiran ba ya wuce "Hajiya ina wuni, sun iso?" ta ce "Sun iso, ga mijin nan nawa ya hana ni sakat", tana nufin Auta, in ce Allah ya ƙara girma in kashe. Sai bayan wannan kiran abincin rana yake wuce min. Mutumin wani gari zai ce wannan ai tsoro ne ya yi yawa, amma duk uwar da ke aiki a Jos ta san dalili. Mun ga Satumbar 2001, mun ga Nuwambar 2008, mun ga Janairun 2010, ko a watan Agustan 2021 sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24. Abin da muka koya shi ne jita-jita kaɗai ta isa ta sa gari ya hargitse cikin ɗan lokaci, a rufe shaguna, keke ya ɓace a titi, kowace uwa ta cire takalmi ta nufi makaranta. Shi ya sa da za mu sa su makaranta ban tsaya duba wadda ta fi gini mai kyau ba, na duba wadda Hajiya za ta iya aika yaro da ƙafa ya ɗauko su. Alhamdu lillahi yanzu cikin gari da sauƙi, amma kiran ƙarfe biyun nan ban daina ba kuma ba na jin zan daina.

Akwai wata abokiyar aikina 'yar Berom, tebur ɗinmu yana kallon juna, Madam nake ce mata ita kuma ta ce min Hajiya duk da ban je ba tukunna, ta ce ai addu'a take min. Ita ma uwa ce, ita ma tana da nata kiran na rana. Ba mu taɓa zama mun yi maganar rikici ba, amma na san in wani abu ya taso muna ofis ba za ta bar ni a titi ba, ni ma haka. Da Kirsimeti kular shinkafa da cincin take aiko mana, da babbar Sallah ni ma in kai mata soyayyen nama. In lokacin sanyi ya yi takan zo min da sitiroberi daga wajen Vom a 'yar roba, ranar kam ni ce sarauniya a gida. Ita ta gyara min hannu a gwaten acca, ta ce ina cika masa ruwa kuma ina saurin zuba yakuwa, a bari sai accar ta nuna tukunna, gauta kuma a farfasa ta kar a yanka. Yanzu in aka kwana biyu ban yi ba maigida da kansa yake cigiya.

Ƙarfe huɗu ake tashi, amma kafin in samu mota in iso Terminus biyar ta gota. Babbar kasuwar nan da ta ƙone a 2002, wadda iyayenmu suke ba da labarin mutane na zuwa kallonta daga wasu jihohi, har yau ba ta dawo ba, 'yan kasuwar sun bazu a bakin titi da lunguna, toh ta cikinsu nake ratsawa in yi 'yar tsaraba. Ba wani abu ba ne, ayaba ce ko yalo ko gyaɗa mai gishiri, ran da aljihu ya yi nauyi in tsaya wurin mai awara. Doka ɗaya na sa wa kaina, ba na shiga gida hannu rabbana, ko alawar naira 50 ce.

Sai oyoyo. Jama'a, in akwai abin da yake biyan mutum kuɗin motarsa da ciwon bayansa toh wannan ne. Tun daga bakin lungu Auta yake gano ni, ban san yadda yake yi ba, zai taho da gudu takalmi ƙafa ɗaya yana "oyoyo Mama, oyoyo Mama", ya daki gwiwata ya rungume, kafin in ce wani abu hannunsa ya riga ya shige jaka. Na sani sarai rabin murnar ta ledar ce, ban damu ba. Ummi ta girma da gudu yanzu, ita karɓar jakar take yi ta ce sannu da zuwa da wata murya ta manya, abin yana ba ni dariya yana kuma ɗan taɓa ni, don kwanan nan ita ce mai takalmi ƙafa ɗayan.

Daga magariba zuwa isha'i gidan kamar tasha. Ga aikin gida na boko, ga hadda, ga tukunya a wuta, ga 'yan ga-ruwa suna buga ƙofa a zo a karɓi jarka don famfonmu ya fi wata bai ɗiga ba. Lissafin Abba ni nake duba shi tunda sana'ata ce, amma yadda ake koya musu yanzu ba haka aka koya mana ba, in na nuna masa hanyata ya ce "Anti ba haka ta ce ba", kuma maganar Anti ta fi tawa ko da amsarmu ɗaya. A hadda kuwa ni ce ɗaliba. Ummi ta wuce ni a tajwidi nesa ba kusa ba, in ina biya wa Auta ƙananan surori sai in ji daga ɗaki an ce "Mama ki ja wurin nan", in ja, ta ce "bai kai ba". Babanta yana jin mu yana murmushi ƙasa-ƙasa don shi ma an taɓa gyara masa.

Wurin da na fi so shi ne firar dankali. Mu a Jos dankalin turawa ba abincin gayu ba ne, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ake kawo shi buhu-buhu, in kakarsa ta yi har ya fi doya araha, don haka kusan kullum akwai shi a karin safe, a soya da ƙwai ko a yi fate. Da daddare nake feraye na gobe in zuba a ruwa. In babu wuta sai mu kunna fitila mai caji, mu jawo kaskon gawayi tsakiyar falo, ni da Ummi da wuƙa, Abba yana tsince ƙananan yana jefawa a roba, Auta yana kwasar ɓawo yana zubarwa inda bai kamata ba. Bari in faɗi wannan tunda na ambaci kasko: kar a rufe tagogi ruf, kuma kar a kwana da shi a ɗaki komai sanyi. Iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Mu da an tashi kwanciya ake fitar da shi tsakar gida a yayyafa masa ruwa.

A gaban kaskon nan ne ake tatsuniya. Ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta, in kama Gizo da Ƙoƙi yadda kakata ta ba mu. Sai dai yaran yanzu ba sa barin tatsuniya ta wuce lafiya. Mu da aka ce Gizo ya shiga cikin giwa yana yankar kitse shiru muke yi mu zaro ido, Abba kuwa sai ya tsayar da ni, ta ina yake numfashi, da wace fitila yake gani, me ya sa giwar ba ta je asibiti ba. Ummi kuma ta ce ita Ƙoƙi ce take ba ta haushi, me ya sa take zaune da shi har yanzu. Ranar da ta faɗi haka ni da babanta muka kalli juna, ya ce toh Maman Ummi sai ki ba da amsa, na ce ƙurunƙus kan kusu, a tashi a kwanta.

Ran Asabar in an gama wanki ni da Ummi muke tafiya Farin Gada. Wanda yake son ya ga arzikin Filato ya je kasuwar nan da safe, kabeji tsibi-tsibi, karas da jar ƙasarsa, latas, koren wake, kokumba, koren tattasai, tumatur kwando-kwando, ga manyan motoci ana lodi za a yi kudu da su. Da yawan kayan nan noman rani ne, kuma wani ruwan da ake ban ruwa da shi daga tsofaffin ramukan haƙar kuza yake, waɗanda Turawa da kamfanoninsu suka bari suka cika da ruwa. Na gaya wa Ummi wannan muna tsaye gaban mai karas, ta ce toh ashe dai sun bar mana wani abu, mai karas ɗin ya ce "'yata, ramuka suka bari, mu muka sa ƙarfinmu." Yanzu ita nake bari ta yi ciniki. Tana da wata dabara, in an faɗi kuɗi sai ta yi shiru ta kalli kayan kamar an ɓata mata rai, mai kaya ya ce toh nawa za ki ba da, ta taya, ya ce albarka, ta juya kamar za ta tafi. Ban koya mata ba, a wurin Hajiya ta gani. Kuma ba ta barin wuri sai ta ce "Baba gyara fa", ko albasa ɗaya ce sai an ɗora.

Kasuwar Katako kuma sai wajen Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin sanyi ya shigo 'yan gwanjo su farga su ƙara wa suwaita kuɗi. In kin ji an ce yau za a ɓalle dila ki je da wuri ki tsuguna ki tona da kanki, a nan nake samo musu jaket masu kyau da ko a shago ba za ki samu irinsu ba. A wanke da ruwan zafi a shanya a goge, shikenan.

Yawon da muke yi na Sallah ma yana da daɗinsa, ba na hana shi. Gidan tarihi na Jos yana nan tun 1952 ga gidan namun daji a gefensa, Wildlife Park kuma tun 1972, mu ma an kai mu muna yara da sababbin kaya da lalle. Amma gaskiya ranar Sallah cunkoso ne, rabin hankalina yana kan kar wani ya ɓace, rabi yana kan jaka, mu dawo kowa ya gaji Auta yana kuka. Abba ma in ka tambaye shi ya fi son ranar da babansa ya kai shi filin wasa na Zaria Road kallon Plateau United, ya dawo yana ba ni labarin kofin da suka ci a 2017 kamar yana wurin, alhali ko tafiya bai fara ba lokacin.

Akwai wata 'yar uwar maigida da duk haɗuwarmu a biki sai ta ce, "Har yanzu dai ana aikin? Yara fa sai da uwa a gida." Ba na musu da ita, girmanta ne, ina cewa Allah ya sa mu dace Yaya. Amma a raina ina tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta taɓa taka ofis ba, kuma ban taɓa ganin ta zauna ta zuba mana ido ba. Tun asuba tana kan tandar masa, da rana tana surfe, da yamma tana ƙulla gyaɗa, duk tarbiyyar da ta ba mu ta ba mu ne hannunta yana aiki bakinta yana magana, mu muna gefe muna miƙo mata abu. Bambancin kawai ita sana'arta a tsakar gida take, tawa sai na hau mota biyu. Kuma ba ni kaɗai nake riƙe da yaran nan ba, in ba don Hajiya da Baba mai keke da malaman Islamiyya da maƙwabciyata da take kwashe min shanya in hadari ya taso ba, da tuni na ajiye aikin. Sannan maganar gaskiya, a wannan zamanin da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024 amma a shekarar buhun shinkafa ya fi shi, gidaje nawa ne hannu ɗaya zai iya ɗauka?

Ranar da alat ɗin albashi ya shigo kuwa ba na iya ɓoyewa, yara suna ganewa tun daga yadda na yi sallama. Kafin kuɗin su kwana an riga an raba su, adashe, Baba mai keke, kuɗin makaranta, gas, na Hajiya, abin da ya rage ba ya kai tsakiyar wata. Amma daren ranar dole a ci tsire, wannan ba ya cikin abin da ake tattaunawa. Ina tura wa maigida kuɗi ya biyo da shi in ya rufe shago, ya shigo da shi a takarda mai ya huda ta, a baje a faranti ɗaya a zauna a ƙasa. Abba ne mai rabo don shi ne ba ya yarda da rabon kowa, yana ƙirgawa yanka-yanka, in an samu ragowa ɗaya a ba Auta, albasa da kabejin kuma a turo min wai ni ce mai son ganye.

A irin wannan daren ne watan jiya, baki duk yaji, Abba ya ga kowa yana cikin nishaɗi, ya gyara zama ya ce yana da magana. Wai kuɗin tara da ake ba shi ba ya isa, mai awarar makarantarsu ta rage girman yanka, kuma shi ya ji da kunnensa an ƙara wa Baba mai keke kuɗi saboda tsadar mai, toh shi me ya sa nasa yake nan yadda yake tun yana aji biyu. Babansa ya haɗe fuska da ƙyar ya ce wannan magana ce babba, ba a yin ta da baki, ya rubuto a takarda ya ba Mama tunda ita ce akanta. Mun ɗauka ya manta. Washegari a cikin keke ya zaro takardar da ya yago daga tsakiyar littafin lissafi ya miƙo min, da kwanan wata da sa hannu, har da Ummi a matsayin shaida, wadda daga baya na gano an yi mata alkawarin kaso. Takardar tana cikin jakata, na ce masa ana dubawa, ya ce zuwa yaushe, na ce sai Oga ya sa hannu. An dai ƙara masa naira 50 na wucin gadi, ya karɓa ya ce bai janye takardar ba.